Tambayi Anti Likita: Wai da gaske Turawa na maganin shaye-shaye da kayan maye?

Jama'a barkanmu da sanyi, mu nan Jos kam wannan makon sai da rigar sanyi biyu. Wani bidiyo ne ke ta yawo a WhatsApp na wani Bature yana kuka yana cewa saiwar wani icce ta raba shi da ƙwaya a dare ɗaya, to tun daga nan akwatin saƙona bai huta ba. Na tsamo guda huɗu.

Anti Likita salamu alaikum, ya aiki ya sanyi. Dan Allah ki taimaka min da shawara, ƙanina ne shekararsa 24 yana tuƙa keke napep, yau shekara huɗu kenan yana shan tramol da kodin, ba irin addu'a da rubutun da ba a yi masa ba, har gidan mari mun kai shi wata uku ya dawo da tabo a ƙafa ko sati biyu bai yi ba ya koma ruwa. Mamanmu hawan jini ya kama ta saboda shi. Yanzu na ga bidiyon wannan iccen na ƙasar Gabon, kuma wani a WhatsApp yace zai aiko min da garin sassaƙensa a kan dubu 180, wai sha ɗaya ne shikenan. Na haɗa kuɗin adashina, na tura?
*Daga yayarsa, Rikkos*

Wa alaikis salam 'yar uwa. Kar ki tura, wallahi ko kyauta ya ce zai ba ki kar ki karɓa. Amma ba zan ce miki ƙarya ce zalla ba, don ba ƙarya ba ce, kuma in na ce miki haka gobe kika ga labarin a BBC za ki daina yarda da ni.

Iccen sunansa iboga, a dazukan Gabon da Kamaru yake fitowa, mabiya wata al'ada da ake kira Bwiti sun daɗe suna amfani da ɓawon saiwarsa wajen bukukuwansu. Sinadarin da ke ciki shi ake cewa ibogen. A 1962 wani saurayi ɗan New York mai shekara 19, Howard Lotsof, wanda hodar hiroyin ta riga ta kama shi, ya sha don neman maye kawai ba don magani ba, da ya dawo hayyacinsa sai ya lura wannan ƙishin ƙwayar da rawar jiki da gumin da ke zuwa in mutum bai sha ba duk babu su, shi ne ya ƙarar da rayuwarsa yana bin likitoci su bincika. To kin ga labarin ya haura shekara sittin, amma har yau ba a kai ga babban gwajin da zai sa hukumomin magunguna na Amurka ko Turai su amince da shi ba, kuma dalilin shi ne zuciya. Ibogen yana dagula lantarkin da ke tsara bugun zuciya, mutum na kwance lafiya lau sai bugun ya rikice ya tsaya. Wani nazari da aka buga a 2012 ya tattaro mutum 19 da suka mutu bayan sun sha tsakanin 1990 da 2008, da yawansu dama suna da ciwon zuciya ko akwai wata ƙwayar a jikinsu. Wanda aka fi yayatawa kwanan nan na jami'ar Stanford ne a 2024, tsofaffin sojojin Amurka su 30 kacal, a wani asibiti a Meziko, an haɗa musu da sinadarin maganiziyom ta jijiya don kare zuciya, na'ura na maƙale a ƙirjinsu ana kallon bugun, kuma su ba ƙwaya aka je yi wa magani ba, raunin ƙwaƙwalwa ne na fagen yaƙi. Ke kuma a ɗakin Mama za ki dama masa a kunu, garin da ba ki san me aka niƙa a ciki ba, ga tramol a jininsa wanda shi kansa yana jawo jijjiga kamar farfaɗiya. Ana maganin ƙaba kai na kumbura kenan.

Wanda bincikensa ya fi ƙwari a kan shaye-shaye ma ba ibogen ba ne, silosaibin ne, sinadarin da ke cikin wasu nau'in lemar kwaɗi. A 2014 a jami'ar Johns Hopkins an gwada shi a kan mashaya sigari 15 da suka sha yunƙurin bari suka kasa, bayan wata shida 12 ba su koma ba, abin mamaki gaskiya, amma mutum 15 ai ko layin gaba na masallacin unguwa ba su cika ba. A 2022 jami'ar New York ta fitar da nata a kan mashaya giya 93, waɗanda aka ba silosaibin kwanakin da suka yi tatul sun koma wajen 10 cikin 100, waɗanda aka ba wata ƙwaya ta daban kuma wajen 24 cikin 100. Sigari da giya fa, ba tramol ba. Sannan abin da masu bidiyo ba sa faɗa, a gwajin New York ɗin dukkansu, da waɗanda aka ba silosaibin da waɗanda ba a ba ba, sai da suka yi makonni 12 suna zaman tattaunawa da ƙwararru, maganin sau biyu kawai aka bayar a tsakiya.

Bari na kwatanta miki yadda ranar shan silosaibin a irin wannan gwaji take don ki ga nisan ta da abin da mai WhatsApp ke sayarwa. Kafin a ɗauke ka sai an auna zuciya, an tambayi tarihin gidanku kaf, in akwai wanda ya taɓa samun taɓin hankali a iyaye ko 'yan uwa na jini sai a ce ka yi haƙuri ka koma gida. Ranar sha ɗaki ne kamar falo, doguwar kujera, ka kwanta a rufe maka ido a sa maka sauti a kunne, mutum biyu na zaune gefenka awa shida zuwa takwas ba sa zuwa ko'ina, suna auna jini lokaci lokaci, in tsoro ya taso maka wani ya riƙe hannunka. Washegari ka dawo a zauna a warware abin da ka gani da abin da ya taso na zuciya. Ni a ganina rabin maganin wannan zaman ne, kuma ƙaninki tunda ya fara sha ban jin akwai wanda ya taɓa zama da shi awa ɗaya ba tare da faɗa ko wa'azi ba. Ba laifi nake ɗora muku ba, haka muke duka.

Dubu 180 ɗin nan ki riƙe. Ki kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na jami'ar Jos, JUTH, a Lamingo, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna in kun fi son inda ba a san ku ba. Kar ku tsayar masa da tramol rana ɗaya a gida, a hankali ake janye shi ƙarƙashin likita saboda jijjigar nan, kuma a duba ko akwai ciwon damuwa a ƙasa, don da yawan masu keken da nake gani da ciwon baya da neman ƙarfin yin balas suka fara. In ya koma bayan an sallame shi ba asarar kuɗi kuka yi ba, haka ciwon yake, a sake komawa. Gidan mari kam dan Allah a bar shi, kin dai tuna abin da 'yan sanda suka tarar a wani gida irinsa a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutum sama da 300 wasu da sarƙa a ƙafa. Kuma ba ku kaɗai ba ne, ƙididdigar ƙasa ta 2018 ta ce mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya, miliyan 4.6 daga ciki irin su tramol da kodin ne. Ki gaida Mama, ta riƙa shan maganinta.

Likita barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne, shekarata 58, ina kasuwar Taminus ta Jos ranar da bam ya tashi a 2014, Allah ya yi da sauran kwana amma yaron shagona a gabana ya rasu. Har yau in taya ta fashe ko yara suka buga nokawut lokacin kirsimeti sai na ji kamar raina zai fita, uwargida tace ina ihu cikin barci, hanyar wajen ma na daina bi sai na zagaya. Ɗana da ke Abuja ya ce akwai sabon magani a Amurka mai suna MDMA na irin wannan. Ana samunsa a nan? Ina da hawan jini.
*Daga wani uba, Gangare*

Baba ina wuni, Allah ya jiƙan yaron nan da duk waɗanda suka rasu ranar 20 ga Mayun nan, sama da mutum ɗari, duk ɗan Jos ya san inda yake a lokacin. Abin da kake fama da shi ciwo ne mai suna, firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, ba raunin imani ba ne ba kuma aljanu ba, kuma garin nan da ya ga rikicin 2001 da 2008 da 2010 cike yake da masu shi suna ta haɗiyewa da sunan dauriya.

Ɗanka bai yi ƙarya ba amma labarin da ya karanta ya tsufa. MDMA ita ce ƙwayar da 'yan kulob ke sha, sai wata ƙungiya mai suna MAPS da Rick Doblin ya kafa a 1986 ta dage shekara da shekaru tana gwada tsarkakakkiyarta a kan masu irin ciwonka, tunanin shi ne ƙwayar na kwantar da tsoro na 'yan awanni har mutum ya iya buɗe baki ya ba da labarin abin da ya faru ba tare da jikinsa ya ɗauki rawa ba, likitan ya samu ƙofar shiga. A 2021 suka fitar da sakamakon mutum 90, zama uku na awa takwas takwas, 67 cikin 100 na waɗanda suka sha sun fita daga sahun masu ciwon, na ƙwayar bogi kuma 32 cikin 100. Na biyu a 2023, mutum 104, ya ba da 71 da 48. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Sai ga shi a Yunin 2024 kwamitin masana na hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ya kaɗa ƙuri'a 9 da 2 cewa ba a tabbatar yana aiki ba, 10 da 1 cewa amfanin bai rinjayi haɗarin ba, a Agusta hukumar ta ƙi amincewa ta ce a sake wani gwajin.

Me ya jawo? Baba kai ɗan kasuwa ne za ka gane. Ƙa'idar gwajin magani ita ce a raba mutane biyu, wasu a ba su na gaske wasu na bogi, kar kowa ya san nasa, don sa rai kaɗai yana sa mutum ya ji sauƙi. To da irin waɗannan ƙwayoyin kamar a miƙa wa wani shayi mai citta da kanumfari ne a miƙa wa wani ruwan zafi zalla a ce wai kar su gane, kurɓa ɗaya kowa ya san nasa, wanda ya samu na gasken murna, wanda ya samu bogi gwiwa ta yi sanyi, to ta yaya za ka ware aikin ƙwaya da aikin murna? Ga shi wajen 40 cikin 100 na mahalartan dama sun taɓa shanta a baya, wato masu sonta ne suka zo. Sannan akwai badaƙalar da ta fito daga wani gwaji na baya a Kanada inda masu kula da wata majinyaciya suka keta haddinta, kuma wannan ni ya fi tsaya min a rai, mutum na cikin maye awa takwas a ɗaki a rufe zuciyarsa a buɗe, in mai kula ba mai tsoron Allah ba ne fa?

Ostareliya ce ta yi gaba, tun 1 ga Yulin 2023 ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa da aka tantance damar rubuta MDMA da silosaibin, kuɗin kuwa dubban daloli ne masu yawa. A nan gida haramtacciya ce, NDLEA kama mutum take yi da ita, wadda ke yawo a hannun yara kuma Allah kaɗai ya san me aka cakuɗa. Kuma ko a can ne kai sai an yi dogon nazari, don tana ɗaga jini da bugun zuciya. Amma ka lura da wani abu a lissafin can, su na ƙwayar bogin ma kusan rabi sun samu sauƙi a gwaji na biyu, da zama da magana kawai. Wannan kuwa akwai shi a Jos, akwai masana halayyar ɗan adam da ke yin zaman da aka tsara musamman don firgici, akwai kuma ƙwayoyi irin su satralin da aka daɗe da amincewa da su. Ka je da uwargida ranar farko, ita ta san abin da kake faɗa cikin barcin.

Anti ni ɗalibi ne a jami'a, na karanta cewa lemar kwaɗi na maganin ciwon damuwa, kuma ga ta nan tana fitowa bayan hostel ɗinmu da damina. Abokina kuma yace zaƙami ma ai duk abu ɗaya ne, namu na gida. Gaskiya ne?
*Daga Naraguta*

Ƙanena abokin nan naka ka canza shi. Zaƙami ba a banza kakanninmu suka sa masa haukata yaro ba. Shi sinadaransa daban ne gaba ɗaya, atirofin da sikofolamin, guba ce mai ruɗa ƙwaƙwalwa, babu wani mai bincike da ke ba majinyaci 'ya'yan zaƙami. Na taɓa karɓar wani yaro da aka zuba musu a zoɓo wajen biki, idon nan ya buɗe baƙi ƙirin kamar na mage da dare, fata ta bushe ta yi zafi rau ba ɗigon gumi, yana ta tsintar abubuwa a iska yana zubawa a aljihu yana hira da kakarsa da ta rasu, mara ta cika tam fitsari ya ƙi fita sai da muka sa roba, kwana biyu kafin ya gane babarsa, kuma da ya farfaɗo bai tuna komai ba. Wane darasi za a ɗauka daga abin da ba a tuna ba?

Lemar kwaɗin bayan hostel kuma, masu kashe hanta da masu sa gane-gane kama suke yi, masana ma sai sun duba da kyau, kuma mai lalata hantar sai bayan awanni take nuna kanta lokacin aikin gama ya gama. Abin da ake bayarwa a bincike a ɗakin gwaji ake haɗa shi a auna da miligiram. Gwajin da aka buga a 2022 na mutum 233 da magungunan damuwa suka ƙi yi wa aiki, waɗanda aka ba miligiram 25 kashi 29 cikin 100 ciwon ya lafa a mako na uku, na miligiram 1 kuma kashi 8, amma zuwa wata uku tazarar ta ragu sosai, ga ciwon kai da tashin zuciya, wasu ma tunanin kashe kai ya taso musu. A Landan a 2021 an gwada shi kafaɗa da kafaɗa da esitalofiram, ƙwayar maganin damuwa da ke kemis ɗin Jos yanzu haka, mutum 59, a babban ma'aunin da suka sa gaba ba wanda ya kayar da wani. Kuma shekarunka su ne daidai lokacin da taɓin hankali ke fara bayyana ga wanda ke da shi a jini.

Amma tsaya, me ya kai ka karanta maganin damuwa tun farko? In kai ne ba ka barci, abinci ba daɗi, lakca ta fita ranka, sake rubuto min, ko ka leƙa asibitin makaranta gobe.

Malama Likita, ni tambayata ɗaya ce, ko da Turawa sun tabbatar, ya halatta musulmi ya yi magani da abin da ke gusar da hankali?
*Daga wani malamin islamiyya, Bukuru*

Allah gafarta malam, ka fi ni sanin hadisin da ke cikin Muslim na sahabin da ya tambayi Annabi SAW game da giya don magani aka ce masa ba magani ba ce cuta ce, ni ba zan shiga gonar malamai ba, fatawa taku ce. Abin da zan iya kawo muku shi ne abin da idona ya gani don ku haɗa da shi in kun zauna.

Lokacin ina bautar ƙasa a wani ƙaramin asibiti na karkara, ba mu da likitan banju, injin wuta ma sai ya ga dama, da ketamin muke yin tiyatar haihuwa saboda shi ba ya danne numfashi kamar sauran, arha ne kuma yana cikin jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya. Wata baiwar Allah bayan mun ciro jaririnta da fitilar waya tana farfaɗowa ta riƙe min riga tana rantsuwa ta ga rufin ɗakin ya buɗe tana shawagi a saman gonar gero, mijinta liman ne yana bakin ƙofa, bai tambaye ni hukuncin allurar ba, ɗa da uwa ya tambaya. To wannan ketamin ɗin dai, wani ɓangarensa da ake shaƙa ta hanci mai suna Spravato shi FDA ta amince da shi a Maris ɗin 2019 don ciwon damuwar da ya ƙi jin magani, a asibiti ake shaƙa a zauna awa biyu ana lura da mutum, kuma shi ɗin dai wasu ke sata suna maye da shi har mafitsararsu ta lalace. Inda nake ganin za ku sha muhawara shi ne, a tiyata gushewar hankalin hanya ce kawai don a yanka, a silosaibin kuwa masu binciken da yawa na ganin abin da mutum ya gani ya ji a awannin nan shi ne maganin, wasu kuma na can suna ƙoƙarin ƙera irinsa da ba ya sa gane-gane kwata-kwata, in nasu ya yi kun huta.

Hajiyar da ta turo tambaya kan gyambon ciki da azumin Litinin da Alhamis, na gani, ki yi haƙuri fili ya ƙare, mako mai zuwa da ke zan fara in sha Allah.